Yadda ake zaɓar dajin gwamnati don farautar elk a Amurka in kai ba ɗan jihar ba ne

Wannan bayanin na 'yan'uwa ne mazauna Amurka, musamman na jihohin gabas da kudu irin su Teksas, Jojiya, Ohayo da Niyu Yok, masu sha'awar su tuƙa mota zuwa duwatsun yamma su yi farautar elk da kansu ba tare da sun ɗauki ɗan jagora na kuɗi ba. Elk dangin barewa ne amma ƙato, namiji babba yana kai kilo 300 ko ya wuce, macen kuma wajen kilo 220. Kamfanonin jagora suna cajin dala 5,000 zuwa sama a mako ɗaya, shi ya sa yawancinmu dajin gwamnati muke shiga, wanda kowa yana da haƙƙin takawa.

Kusan duk sabon shiga tambayarsa ɗaya, wane daji ne ya fi elk? Wannan tambayar a baya take zuwa. Ta farko ita ce wane izini zan iya samu bana, ta biyu ina doka ta yarda in taka, ta uku in Allah ya ba ni sa'a na harba, zan iya fito da naman a bayana kafin ya lalace? Duk zaɓen wuri a kan ukun nan yake tafiya.

Abubuwan da za ka tanada

Kwamfuta mai ɗan faɗin allo, don waya kaɗai za ta gajiyar da kai wajen duba taswira. Manhajar taswira mai nuna iyakar filin gwamnati da na mutane, onX Hunt ko GoHunt, ana biyan kuɗin shekara. In ba ka son biya tun yanzu, Google Earth kyauta ne, CalTopo ma yana da ɓangaren kyauta, sannan hukumar namun daji ta Kolorado, wato CPW, tana da taswirarta ta kyauta a intanet mai suna Hunting Atlas wadda take nuna inda elk ke zama da rani da inda suke sauka da hunturu. Amma ranar da za ka shiga daji da gaske ka biya manhajar, tarar shiga filin mutum ta ninka kuɗinta nesa ba kusa ba.

Sai littafin dokokin farauta na jihar, na bana fa ba na bara ba. Sai rahoton ƙuri'ar izini da rahoton yawan abin da aka kashe, duk jihohin suna sa su a shafukansu. Sai taswirar hanyoyin mota ta Hukumar Gandun Daji ta tarayya, MVUM ake ce mata, kyauta ce. Sai littafi da biro. Sai katin shaidar ka yi darasin tsaron farauta, Kolorado tana nemansa ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949, ka ga kusan kowa ke nan, kuma na jihar da kake zaune yana aiki a can.

Abu ɗaya da ya shafe mu baƙi: mai takardar zama ta dindindin ko ɗan ƙasa ba shi da matsala da riƙe bindiga a dokar tarayya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan keɓance-keɓancen da aka yi, ɗaya daga ciki shi ne riƙe lasisin farauta mai rai. Ka warware wannan da wanda ya san doka kafin ka taɓa komai.

1. Fara da makami da wata

Wurin da elk suke a Satumba ba nan suke a Nuwamba ba, saboda haka ba za ka iya zaɓar daji ba sai ka san yaushe za ka je. Satumba lokacin kwari da baka ne da bindiga mai ɗurin baki, kuma lokacin barbara ne, mazan suna kuka ana jin su daga nesa, suna can sama a ƙafa 9,000 zuwa 11,000 a Kolorado. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba lokacin bindiga ne, kuka ya ragu, manyan maza sun shige kurmi sun yi lif suna hutawa, dusar ƙanƙara kuma tana turo garke ƙasa sannu a hankali. In hutun aikinka mako ɗaya ne kacal ka cire kwana biyu na tuƙi zuwa da biyu na dawowa ka ga abin da ya rage, da yawa ba sa wannan lissafin.

2. Zaɓi jiha ta hanyar izinin da za ka iya samu

Izinin kashe dabba guda ɗaya shi ake ce wa tag, kuma ba na jiha gaba ɗaya ba ne yawanci, na wani yanki ne mai lamba da ake kira yunit. Wani ana saye kai tsaye a kanti ko a intanet, wani sai ka shiga ƙuri'a, wani kuma sai ka tara maki shekara da shekaru, su ne ke ƙara maka dama a ƙuri'ar.

Kolorado ita ce ƙofar yawancin baƙi, ita ta fi kowace jiha yawan elk, wajen 300,000. Daga 2025 an daina sayar wa baƙo tag na kwari da baka kai tsaye a yunit ɗin da ke yamma da babbar hanyar I-25, sai ta ƙuri'a, ana rufe nema a farkon Afrilu. Amma lokacin bindiga a can an raba shi zango-zango, tag na namiji na zango na 2 da na 3 ana saye kai tsaye a yunit da yawa. Kuɗinsa ga baƙo ya haura dala 800. In ƙuri'a ta wuce ka, akwai zagaye na biyu, sannan farkon Agusta ana fito da ragowar tag a sayar, a nan ake tsintar na mace.

Wayomin tana karɓar neman baƙi a Janairu, tana da tsarin maki, kashi 75 cikin 100 ga masu maki da yawa, 25 ga sa'a. Ana iya sayen maki shi kaɗai daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, in kana da niyyar zuwa nan gaba ka fara saye tun bana. Montana tana rufewa 1 ga Afrilu, kuɗinta ya haura dala 1,000, amma tag ɗinta na gama-gari yana buɗe maka yankuna da yawa da zango mai tsawo. Aidaho ba ta da maki, da can 1 ga Disamba ake rububin saye a intanet, yanzu an mayar da abin ƙuri'a ga baƙi, dai a Disamban. Niyu Meksiko ma ba maki, kowa daidai, sai dai kashi 6 cikin 100 kawai ake ware wa baƙon da ba shi da ɗan jagora, ana rufewa a Maris. Arizona tana da manyan maza amma jira ne na shekaru, ka riƙa nema kawai kada ka gina shirin bana a kanta.

Ra'ayina ga mai zuwa karon farko: kada ka raina tag na mace. Ya fi sauƙin samu, matan sun fi yawa, naman ya fi taushi, kuma ka koyi dajin. Masu jiran tag na mafarki shekara goma, ranar da suka samu ba su taɓa ganin kashin elk da idonsu ba.

3. Rage yunit da lambobi

Ka ɗauki jihar da ka tsayar, ka jera yunit ɗin da tag ɗinka yake aiki a ciki, ka rubuta abu huɗu gaban kowanne: yawan mafarauta, yawan abin da aka kashe, kaso nawa suka yi nasara, da kaso nawa na yunit ɗin ne filin gwamnati. Ka duba shekara uku zuwa biyar a jere, shekara ɗaya ƙarya take yi. Misali hunturun 2022 zuwa 2023 ya kashe dabbobi da yawa a arewa maso yammacin Kolorado, wajen Craig da Meeker, har hukuma ta rage izini sosai, wanda ya dogara da lambobin 2021 a wannan yankin ya sha mamaki.

Babban tarko a nan shi ne kason nasara. Za ka ga yunit an rubuta kashi 30 ko 35 ka ce shi ke nan na samu, ka buɗe taswira sai ka ga rabinsa gandun kiwo ne na masu kuɗi, a can ake kashe dabbobin tare da 'yan jagora, kai kuma da sauran jama'a kuna cunkushe a ɗan zirin gwamnati. Gara yunit mai kashi 12 wanda kashi 70 ko 80 na ƙasarsa ta gwamnati ce. A yunit ɗin da ake sayen tag kai tsaye dama nasara ba ta cika wuce mutum ɗaya ko biyu cikin goma ba, ka sa wannan a ranka kafin ka yi wa uwargida alkawarin cika firiza.

Ka kuma raba yawan mafarauta da faɗin filin gwamnati don ka ga cunkoso. Sunayen da kowa ya sani, irin su Flat Tops a gandun White River, ko Routt, ko Gunnison, elk suna nan da gaske, amma motoci ma suna nan. Yunit ɗin da ake ta ambata a YouTube ni kam ina rage masa daraja. A ƙarshen wannan matakin ka rage uku kawai.

4. San mai ƙasar

Nan ne baƙi suka fi shiga uku. Filin gwamnati kala-kala ne. Akwai gandun dajin tarayya, yawanci kore a taswira, shi ne duwatsu masu itatuwa, kusan eka miliyan 193 a ƙasar duka. Akwai na BLM, wato hukumar kula da filayen tarayya, yawanci rawaya, ya fi zama ƙasa-ƙasa mai ciyayi da sarƙaƙiya, wajen eka miliyan 245, shi ya fi amfani a ƙarshen kaka. Duka biyun ana farauta kuma ana kafa tanti kyauta, yawanci har kwana 14 a wuri ɗaya. Wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone da Rocky Mountain National Park kuwa ba a farauta, ko da elk ya tsaya a gabanka yana kallonka.

Sai filin jiha, mai launin shuɗi. Wannan kowace jiha da dokarta. A Kolorado a rufe yake sai wanda aka sa cikin shirin buɗe wa mafarauta, a Wayomin ana farauta amma ba a kwana. Kada ka ga shuɗi ka ce na gwamnati ne ka afka.

Sai keɓaɓɓen daji da ake kira wilderness, wanda dokar 1964 ta hana duk wani abu mai inji ko taya a ciki, ba mota ba babur ba keke, ko baron turo nama ba a yarda ba. A Wayomin akwai ƙarin doka: baƙo ba zai farauci babbar dabba a irin wannan dajin ba sai da ɗan jagora mai lasisi ko ɗan jihar da ya yi rajistar raka shi. To in Wayomin ka nufa ka kunna wannan layin a taswira ka cire shi daga lissafi, wani yunit ɗin in ka cire za ka ga abin da ya rage maka ba yawa.

Filin gwamnati kuma ba ya amfanarka in ba hanyar halas da za ta kai ka. Wani bincike da onX da wata ƙungiyar kare haƙƙin mafarauta suka fitar a 2018 ya gano sama da eka miliyan 9 na filin tarayya a yamma da filayen mutane suka kewaye, ba mashiga. Hanyar da ka gani a Google ta ratsa gandun wani ba lallai ta jama'a ba ce, za ka tuƙa awa ɗaya ka tarar da ƙofa da kwaɗo. Ka tabbatar hanyar ta ƙaramar hukuma ce ko tana cikin MVUM. A Kolorado mai fili ba dole ne ya yi shinge ko ya kafa allo ba, nauyin sani a kanka yake, kuma in aka dakatar da lasisinka a jiha ɗaya dakatarwar tana bin ka kusan duk sauran jihohin, akwai yarjejeniya tsakaninsu.

A kudancin Wayomin za ka ga taswira kamar gidajen dara, murabba'in mil ɗaya na gwamnati, na kusa da shi na mutum, haka har tsawon mil 20 kowane gefen layin dogo. Asalinsa filayen da aka ba kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ne a shekarun 1860. An daɗe ana rigima kan tsallakawa daga kusurwar gwamnati zuwa kusurwar gwamnati, har a Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta 10 ta yanke cewa ya halatta muddin ba ka taka filin mutum ba. Hukuncin ya shafi Wayomin, Kolorado, Yuta da Niyu Meksiko, Montana da Aidaho ba sa ƙarƙashin wannan kotun. Duk da haka ban ba sabon shiga shawara ba, ɗigon da ke nuna inda kake a taswirar wayarka yana iya kaucewa da ƙafa 15 ko 20, kuma jayayya da mai gandu a tsakiyar daji ba abin nema ba ne, balle ga baƙar fata riƙe da bindiga. Akwai wadataccen daji da ba kusurwa.

5. Zana hanyoyi, ka nemi inda babu su

Yanzu ka buɗe yunit ɗin farko, ka kunna hanyoyin mota da na babura masu ƙafa huɗu. Binciken da aka daɗe ana yi a dajin gwaji na Starkey a Oregon ya nuna elk suna gudun hanyar da mota ke bi, kuma duk wanda ya yi farauta ya gani da idonsa. Ka ja layi mil ɗaya daga kowace hanya buɗaɗɗiya, abin da ya rage a tsakiya shi za ka duba.

Amma ba nisa kaɗai ke korar mutane ba. Babbar hanyar ƙafa mai filin ajiye motoci, mil 5 a ciki za ka tarar da sansanin masu dawakai da alfadarai, ka sha wahala ka je ka same su suna shan kofi. Abin da ya fi min aiki shi ne wurin da yake mil ɗaya zuwa biyu daga titi amma sai an hau gangare mai tsayin ƙafa 1,000 ko an tsallake rafi kafin a shiga, babu allo babu wurin fakin sai gefen hanya. Mutane suna wucewa da gudu a kan hanyarsu ta zuwa ƙarshen titi. Tsohuwar hanyar masu yankan katako da aka rufe da ƙofa ita ma alheri ce, ba mota amma ƙafa na tafiya da sauƙi ko da duhu.

6. Karanta ƙasar kamar kai ne dabbar

Elk abu uku yake nema kusa da juna: ciyawa, ruwa, da inuwa mai duhu da zai kwanta. Ka buɗe Google Earth ka karkatar da hoton ya tashi tsaye. Gangaren da ya fuskanci arewa ko arewa maso gabas ya fi sanyi da kaurin itace, nan ne makwanci, musamman a Satumba da rana ke dukansu da wannan gashin nasu. Gangaren kudu da fili-fili a tsakiyar itatuwa da kurmin itacen aspen nan ne wurin kiwo da dare da sassafe. A taswirar layukan tsayi, ka nemi inda layukan suka matse sannan suka ɗan buɗe, wannan ɗan shimfiɗaɗɗen wuri ne a jikin gangare, a irinsa suke kwanciya, sau da yawa kashi biyu cikin uku na hawan dutsen. Ka kuma sa alama a duk inda tsauni ya ɗan lotsa tsakanin kwari biyu, ta nan suke ƙetarawa in an matsa musu.

Ruwa: ba babban kogi ba, ƙananan idanun ruwa da dausayi a saman kwari. A hoton tauraron ɗan'adam za ka ga ɗan ɗigon kore shar a tsakiyar duhun itace, wani lokaci da baƙi a ciki, wannan wurin birgimar maza ne a taɓo lokacin barbara. Ka ja sandar tarihin hoto a Google Earth ka duba na Satumba ko Oktoba na shekarar fari, abin da yake kore a Yuni yana iya zama ƙura a kaka. A Niyu Meksiko da Arizona ruwa shi ne rabin farautar, a Aidaho da arewacin Kolorado kuwa yana ko'ina, ba zai tara maka su wuri ɗaya ba.

Wurin da gobara ta ci shekara biyu zuwa shida da suka wuce yana fitar da ciyawa mai kyau, elk suna sonsa, musamman bakin inda ƙuna ta haɗu da ɗanyen daji. Manhajojin suna da layin tarihin gobara. Akasin haka shi ne dajin da ƙwaro ya kashe, itatuwa sun zube kan juna, a hoto za ka gan shi toka-toka da karare a kwance. Elk suna ɓuya a ciki, gaskiya ne, amma mil ɗaya a nan yana cin awa biyu, kuma da kaya a baya karaya ce ke jiranka.

Iska ma tun daga gida ake lissafinta. Da asuba da yamma iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta ɗaga sai ta juya ta hau. Hancinsu ba a yaudararsa. Saboda haka wurin da dole ka shigo masa ta sama da asuba ba wuri ba ne, ka nemi mashiga ta ƙasa ko ta gefe. In da bindiga za ka je, ka sa alamar tudun da za ka zauna da madubin hangen nesa ka ga gangare biyu ko uku lokaci ɗaya, wannan ya fi yawo a duhun itace.

In zangon Nuwamba ne, duk wannan ka sauko da shi ƙasa. Ka kunna layin mazaunin rani da na hunturu, ka nemi filin gwamnati da ke tsakaninsu. Matsalar ita ce mazaunin hunturu yawanci gandun mutane ne a kwari, garke yana sauka ya shige can ya zauna kana kallo ta bayan waya. Ka nemi zirin BLM da ke saman gandun inda suke bi safe da yamma, ka bar tazara mai kyau daga iyaka, don dabbar da ka harba ta gudu ta faɗi a filin mutum sai da izininsa za ka ɗauko.

7. Yi lissafin fito da nama

Namiji babba in an cire ƙashi naman yana kai kilo 90 zuwa 110, ga kai da ƙaho. Mutum ɗaya mai ƙarfi yana ɗaukar kilo 30 zuwa 35 a hanya marar kyau, wato sawu huɗu. In mil 3 ne daga mota, fita huɗu da komawa uku, mil 21 ke nan, fiye da rabi da kaya a baya. A Satumba rana tana zafi, kuma barin nama ya lalace laifi ne a dokar duk jihohin nan, ban da alhakin da ke kanka na dabbar da ka ambaci sunan Allah ka harba. To in kai kaɗai ne ka tsaya cikin mil 2, in ku biyu ko uku ne mil 3 zuwa 4. Ka duba kuma mota tana sama ne ko ƙasa. Sauka cikin rami da safe da jaka ba komai daɗi ne, fitowa da cinya a baya wani labari ne daban. Na fi son in hau da safe in gangaro da kaya.

In zuciyarka ta nace sai wuri mai nisa, akwai masu dawakai masu lasisi da ake biya su fito da nama, amma tun kafin kaka ake magana da su. Ka kuma nemi garin da ya fi kusa mai ƙanƙara, man fetur da mahauci mai ɗakin sanyi, ka rubuta nisan.

8. Cire wuraren da suka fi ƙarfinka

Tsayi ba wasa ba ne. Mutumin Houston yana zaune kusan daidai da teku, Denver tana ƙafa 5,280, sansaninka yana iya zama 10,000. Ciwon kai, amai, rashin barci suna farawa daga wajen 8,000. Ka kwana ɗaya ko biyu a tsaka-tsaki kafin ka hau. Mu kuma muna da namu na daban: duk mai jinin AS, wato mai ɗauke da rabin sikila, tsayi da aikin ƙarfi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya toshe masa jini a saifa, abu ne da likitoci suka sani. Ka yi gwaji ka san ko kai AS ne, ka ga likita, in ya ce a'a ka nemi yunit mai ƙasa-ƙasa, Montana da Oregon da sassan Aidaho suna da elk a ƙafa 4,000 zuwa 7,000. Ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, sauka za ka yi ka nufi asibiti.

Sai beyar. Baƙar beyar tana ko'ina, ba ta cika faɗa ba. Babbar, grizzly, tana kewayen Yellowstone a Wayomin da Montana da gabashin Aidaho, da arewa maso yammacin Montana. A can dole ka riƙe feshin barkonon beyar a ƙugu, ka rataye abinci da nama ƙafa 10 daga ƙasa, yadi 100 daga tanti. Kolorado, Yuta, Niyu Meksiko da Arizona ba su da ita. Karon farko, kai kaɗai, kana fiɗa da fitilar goshi a ƙasar grizzly, ni dai ba zan tura ƙanena ba.

Ka duba hanyar shiga ma. Wasu hanyoyin BLM laka ce mai santsi, in aka yi ruwa ko dusar ƙanƙara ta narke ko mota mai jan ƙafa huɗu sai ta zauna. In ƙaramar mota gare ka ko ta haya, ka zaɓi wuraren da ke bakin hanyar tsakuwa ta ƙaramar hukuma. Zangon bindiga kuma ka sa sarƙar taya da shebur a but.

9. Buga waya

Bayan ka yi aikin gida, ka kira ofishin namun daji na yankin da ofishin gandun dajin. Kada ka ce ina elk suke, amsar da ake ba kowa za a ba ka. Ka ce ina duba kwari kaza da kwari kaza a zango na 2, wanne ya fi cunkoso, hanya mai lamba kaza a buɗe take a Oktoba, akwai garken tumaki ko shanu da ke kiwo a can kuma yaushe ake sauko da su, akwai sansanin 'yan jagora a ciki? In suka ji ka yi karatu sai bakinsu ya buɗe. Yuli da Agusta sun fi samun lokaci, ana gobe buɗe zango ba mai ɗaga maka waya.

10. Tsara wurare biyar, ka yarda ka bar kowanne

A yunit ɗin da ka tsayar ka fitar da wurare aƙalla biyar, a tsayi daban-daban, tsakaninsu bai wuce tuƙin awa ɗaya ba. Kowanne ka sa alamar wurin ajiye mota, hanyar shiga, wurin hange, ruwa da makwanci. Ka sauke taswirar cikin waya tun a gida don babu sabis a can, ka riƙe ta takarda da kamfas, na'urar aika saƙo ta tauraro irin Garmin inReach kuma ana hayarta in saye ya yi tsada. Ka bar wa iyali jerin wuraren da ranar da za su ji daga gare ka. Kafin ka tashi ka duba InciWeb, shafin intanet mai bayanin gobarar daji, gobara tana rufe daji guda a Satumba.

Karon farko ka kafa tanti kusa da mota maimakon ka ɗauki komai a baya ka shige mil 6, don in wurin ya zama fanko ka kashe kwana biyu a banza. In ka isa da kwana ɗaya ko biyu kafin buɗewa, ka zaga wuraren ka ƙirga motoci. A cikin daji kuma sabuwar alama kake nema. Kashin da yake kore-kore, mai laushi da sheƙi in ka murza da takalmi, na yau ne ko jiya. Wanda ya bushe ya yi fari na watannin baya ne, ba ya gaya maka komai. Ƙaramin itacen da aka goge wa ɓawo da ƙaho, in ɗanko yana tsatsowa sabo ne. Warinsu ma kamar na garken shanu, in ka shiga makwanci za ka ji. Safiya ɗaya da yamma ɗaya ba sabuwar alama ba kuka, ka naɗe ka tafi wuri na biyu, elk garke ne, kashi kaɗan na dajin suke ciki a kowane lokaci.

Kafin ka ɗaga bindiga ka sake karanta shafin yunit ɗinka. A yawancin yunit na Kolorado namiji sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya ko reshen goshi mai inci 5, kuma dole ka sa riga da hula masu launin lemo ko hoda mai ƙyalli, inci murabba'i 500 a saman ƙugu, sannan shaidar jinsi ta zauna manne da ɓangare ɗaya na naman har ka isa gida ko wurin mahauci. Saboda cutar ƙwaƙwalwar dabbobi ta CWD jihohi da yawa sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya, ka duba dokar jiharka da ta duk jihar da za ka ratsa, wasu yunit kuma gwajin kai dole ne. In Niyu Meksiko ko Aidaho ka je, rahoton farauta wajibi ne ko ba ka kashe komai ba, a Niyu Meksiko in ba ka cike ba za a yi watsi da nemanka na baɗi.